Shekarar da Wuyana Ya Ƙi Kaya

Akwai maganar da na san kun ji, ko da yake ba wanda ya taɓa kawo mini ita a gabana. Ana yin ta a gidan biki, ana yin ta a gidan suna, da na shigo sai a canja zance a hau tambayata ya jiki. Wai na mallake babanku, na wanke na ba shi ya sha, har ya ɗauki fantekar abincina a ka yana ratsa Tudun Wada da ita kamar mai talla. Hauwa, ke kin taɓa dawowa daga makaranta da leɓe a fashe saboda wannan magana, kika ce mini faɗuwa kika yi, ni kuma na yi kamar na yarda. To, ɗaukar fanteka kam ya ɗauka, ba ƙarya aka yi masa ba. Abin da ba a gaya muku ba shi ne dalili, masu yaɗa zancen ma ba su san shi ba, don ba su taɓa tambaya ba. Yau zan faɗa muku, har da inda laifina yake, kuma laifin nawa ba kaɗan ba ne.

Lokacin da aka mai da Minna hedikwatar jiha, gari ya cika da baƙi. An kwaso ma'aikata daga Sakkwato da Bida da Kontagora, yawancinsu sun baro iyali a gida, ga yunwar rana ba mai dafa musu. Ni jikar ma'aikacin jirgin ƙasa ce, a gidanmu mata ba su saba zaman jira ba, uwata ma a bakin tasha ta sayar da abinci har ta tsufa. Na roƙi babanku ya bar ni in gwada, ya bar ni. Na samu gindin wani mangwaro kusa da ofisoshin gwamnati, na kafa benci biyu da ya yi mini, na fara sayar da sakwara da miyar agushi. A gida nake dafa doya, in daka da kaina, in mulmula, in jera a babbar fanteka da tukunyar miya a tsakiya, in naɗa gammo, a ɗora mini. Daga Tudun Wada sai na gangara wani kwari, na hau, na tsallake hanyar dogo, kafin in kai. Kuma ba na riƙe fantekar da hannu. Wannan shi ne abin taƙamata: ga goyo a baya, ga fanteka a ka ta zauna daram, ina tafe ina gaisawa da mutane. Mata su ce Asabe wuyan ƙarfe gare ta, ni kuma kaina ya ƙara girma. Shekara biyar na yi a haka.

Babanku kun san shi, kafinta ne mai shago a bakin layinmu, mutum ne da za ka wuni da shi ba ka ji kalma ashirin ba. Yana da karatu daidai gwargwado, in liman ya yi tafiya shi ake turawa gaba a masallacin unguwa, kuma yana jin daɗin wannan girma ko da bai faɗa ba. Sai dai manyan ayyukan sabuwar jiha ba su zo shagonsa ba, an ba masu injina. Shi sai gyaran ƙofa da kujerar tsakar gida. Saboda haka rabin abin da ake ci a gidanmu daga fantekar nan yake fitowa, kowa ya sani, ba dai mai furtawa. Kakarku Inna, wato mahaifiyarsa, tana tare da mu, ita ke riƙe ku in na fita.

Doyata kuwa wajen Ladi nake saye. Bagwariya ce, ko in ce Gbagyi kamar yadda suke kiran kansu, Kirista, manomiya daga wani ƙauye can bayan Fadikpe. Sau biyu a mako take shigowa da doya a ƙaton ƙoƙo, ba a ka ba, a kafaɗa, can gefen wuya, kamar yadda duk matansu ke yi. Ni da ita kullum muna cikin tsokana. In ce mata Allah ya ba ki kai kin bar shi yana hutu, kin karkace kamar tsohuwar zana. Ita kuma ta ce a wurinsu kai sarki ne, aikinsa tunani, mu Hausawa ne muka mai da namu jaki. Mu yi dariya, in zaɓi doyata, ta ƙara mini ɗaya ta tafi. Ban taɓa ɗaukar maganarta da wani nauyi ba.

Ciwon a hankali ya shigo. Da farko in na sauke kaya sai in ji wuyana ya sage, in zan waiga sai na juyo da jikina gaba ɗaya. Daga nan ya sauka tsakanin kafaɗuna, wani zafi kamar an ɗora mini garwashi a ƙarƙashin allon kafaɗar dama. Na ce gajiya ce. Inna ta ce kwanciya ce ta yi mini ba daidai ba, ta sa aka shanya matashina a rana. Da bai tafi ba ta kira maƙwabciyarmu mai 'yan biyu ta zo ta murza mini taɓarya a wuya, kamar yadda aka saba. Aka kawo wanzami ya kafa mini ƙaho shida a baya, ya fitar da baƙin jini ya nuna mini, ya ce ga ciwon nan. Man zafi kuwa na shafa har fatata ta saɓule. Kowane ɗaya in an yi sai in ji sauƙin kwana biyu, in koma daka da ɗaukar kaya, ciwo ya dawo da ƙarfinsa. Abin da na ɓoye wa kowa shi ne hannuna. Zafin ya fara bin damtsena na dama yana sauka, babban yatsa da manuni suka riƙa yin kamar ƙiyashi na tafiya a ciki, daga baya suka yi dum. In na tsoma su a ruwan zafi sai na daɗe kafin in ji. Wata huɗu ina ɓoye wannan, don kada a ce Asabe mai wuyan ƙarfe ta gaza. Ku dubi wannan wauta, don Allah.

Ladi ce ta kama ni. Ran nan na ɗauki wuƙa zan ɗan yanki doya in ga cikinta, wuƙar ta sulale daga hannuna ta faɗi. Na ɗauka, ta sake faɗi. Na yi dariyar yaƙe na ce man ja ne a hannuna. Ba ta yi dariya ba. Ta kama yatsuna biyu ta mintsine su da farcenta, mintsini na mugunta, tana kallon fuskata, ni kuwa ko gezau.

"Ƙawata, wannan hannu yana mutuwa," in ji ta. "Tun yaushe?"

Na fara kame-kame, ta katse ni. Ta ce yayar babanta haka ta fara, yau hannun yana rataye kamar tsumma, sai an sa mata riga. Ta ajiye doyarta a zaurenmu, ta shiga har shagon babanku ba ko sallama, ta zayyana masa komai da Hausarta da ba ruwanta da mace ko namiji. Na ji haushinta ranar kamar in shaƙe ta. Babanku ya ajiye zarto ya shigo gida, ya dube ni, bai yi faɗa ba. Ya ce in ɗauko mayafina. Mu uku muka tafi asibiti, Ladi tana gaba kamar ita ce mai gidan.

An ɗauki hoton wuyana, bayan kwana biyu muka koma. Likitan dattijo ne mai haƙuri, ya ɗaga hoton a jikin taga ya nuna mana ƙasusuwan wuya a jere, ɗaya kan ɗaya. Ya tambaye ni da me nake tare kaina in zan ɗauki kaya, na ce gammo. Ya ce to tsakanin kowane ƙashi da ɗan'uwansa akwai ɗan gammo da Allah ya sa, nawa guda biyu sun lotse saboda nauyi da jijjigar daka, ƙashi ya matso yana danne jijiyar da ke tafiya hannu. Shi ya sa ciwon yana wuya amma yatsu ke mutuwa. Ya ce jijiyar ba ta gama lalacewa ba, in aka ɗauke mata nauyi tana iya farfaɗowa, in aka ci gaba kuwa hannun zai tafi, kuma ba ya dawowa. Ya lissafa mini dokoki: ba kaya a ka, ba daka, ba matashi mai tudu, ba dogon sunkuyo. Ya ba ni ƙwayoyi da wani abin ɗaure wuya mai kama da ƙuƙumi, in sa na 'yan makonni, ya tura ni wajen masu gashin ƙashi sau biyu a mako. Ya ce in na ji ƙafafuna sun yi nauyi ko ina tuntuɓe ba dalili, in dawo ranar, kada in jira. Har mun miƙe ya kira mu, ya dubi babanku.

"Malam, abu ɗaya nake roƙonka. Kada ka bari kowa ya ja wuyan nan ko ya murɗe shi. Kowa."

Na tambaye shi zuwa yaushe zan koma ɗaukar kaya. Ya ce ba zan koma ba. Ladi ta buɗe baki za ta yi mini dariya, likitan ya juyo wajenta ya taɓa kantar da ke kafaɗarta, ya ce ita ma ba tsira ta yi ba, ta riƙa raba kayanta biyu. Wannan ne kaɗai abin da ya yi mini daɗi a ranar.

Mako biyu na zauna a gida da ƙuƙumi a wuya, kuna leƙe ni kuna dariya. Raina a ɓace yake, kowa na samu sai in sauke masa. Labari ya zo mini cewa wata mai shinkafa ta fara ajiye kujerarta a gindin mangwarona, kuma na san yadda abin yake, in ka yi wata guda ba ka nan wurin ya zama na wani. Tukunyar gidanmu ta fara nunawa, nama ya ɓace daga miya. Inna kuwa tun ranar farko ba ta yarda da zancen likita ba. Ta ce ita ta haifi takwas tana ɗaukar itace a ka, wane gammo ne a cikin wuya, ƙashi ne ya goce, a ja shi ya koma mazauninsa a huta. Ta san wani mai gyaran targaɗe a Dutsen Kura, an ce hannunsa na da kyau, sau ɗaya yake murɗawa ka ji ƙas, ka tashi ka kama harkarka. Kada ku ɗora wa Inna laifin nan ita kaɗai. Ba don ƙi ta yi ba, ta ga jikokinta na cin tuwo da miya tsura ne. Kuma ni na ji abin da likita ya ce da kunnena, amma da ta ce za ta kawo mutumin ranar da babanku zai je kafa ƙofa a wata unguwa, ni na ce ta kawo shi. Ina son in ji ƙas ɗin nan in koma gindin mangwarona.

Mai gyaran targaɗen ya zo da hantsi, wani ƙaƙƙarfan mutum mai fara'a. Ya sa na kwance ƙuƙumin, ya zaunar da ni a kan turmi da aka kifa, ya shafa mini wani mai a wuya. Ya naɗa tawul a ƙarƙashin haɓata, ya tsaya a bayana, ya ce zai ɗan gwada tukuna kafin ya yi na gasken. Ya ja kaɗan, ya karkata. Wallahi wani abu ya tsarga mini tun daga ƙeya har tafin ƙafa, kamar na taɓa wayar lantarki, hannuna ya yi tsalle da kansa. Na yi ƙara. Ya ce madalla, wurin ke nan, in daure, saura ɗaya. Inna ta riƙe mini kafaɗu. Na sha jinin jikina a lokacin, na san na yi kuskure, amma kunya ta hana ni cewa a bari, ni da na ce a kira shi. Na rufe ido ina salati.

Sallamar babanku na ji. Ashe ya manta ma'auninsa ne ya dawo ɗauka. Ya tsaya a bakin zaure yana kallonmu, ni a kan turmi, tawul a wuya. Tunda nake da shi ban taɓa jin ya musa wa Inna ba, ko ruwa ta ce wuta ne zai ce haka ne. Ya tako a hankali, ya zare tawul ɗin daga hannun mutumin, ya ba shi haƙuri, ya ce a dakata. Sannan ya durƙusa a gaban mahaifiyarsa, gwiwa biyu a ƙasa.

"Inna, ki yafe mini. Ba za a ja wuyan nan ba."

Inna ta dube shi kamar ba ta gane muryar ba. Can ta fashe. Ta ce yau ta ga abin da ya fi ƙarfinta, ɗan da ta haifa ya zaɓi maganar wani likita a kan tata. Ta ce to shi ke nan, a bar wuya ya zauna a ƙuƙumi, yara su ci ƙuƙumi. Ta nuna fantekata da ke jingine a bango.

"Wancan fa? Gobe wa zai ɗauka? Kai?"

"Ni zan ɗauka, Inna."

Na ɗauka maganar fitar da kai ce, irin wadda ake yi don a kashe wuta. Da yamma na kawo masa shawarar ɗan dako, ya ce abin da za a ba ɗan dako kullum shi ne abin da ke saura a cinikin. Na ce to Hauwa ta fara tasawa, a raba mata a ƙaramar roba. Nan ne kaɗai ya ɗaga murya. Ya ce ya ga hoton wuya ɗaya, ba zai ga na biyu ba, ba 'yarsa da za ta ɗora kaya a ka yana raye. Ya ce zai yi mini amalanke, amma damina ce, kwarin nan ya cika da laka, taya ba za ta bi ba, kuma sai ya samo tayoyin. Kafin nan fa? Ya ce kafin nan yana da kai.

Washegari na dafa faten doya, tunda daka ta haramta gare ni, sakwara ta ƙare ke nan. Ya zo ya tsaya a tsakar gida da tsohuwar rigarsa ta aiki, ya cire hula ya sa a aljihu. Gammo ma bai iya naɗawa ba, ni na naɗa masa da hannun hagu ina kuka. Maƙwabta biyu suka ɗora masa. Ya riƙe fantekar da hannu bibbiyu, yana tafe tana rawa, kafin mu kai bakin layi manja ya zubo masa a kafaɗa. Ni ina biye da ƙuƙumina, hannu rabbana, ko cokali ban riƙe ba. Hanyar kuwa dole ta gaban masallaci take bi, inda dattawa ke zama a kan dakali da hantsi. Na ce mu zaga ta baya, ya ce in ya zaga yau gobe ma sai ya zaga. Ya yi musu sallama da fanteka a ka. Wasu suka amsa, wasu suka sunkuyar da kai, wani ya yi tari don ya danne dariya. Ni da ƙasa za ta tsage da na shige.

Wata huɗu ya yi yana wannan, safe ya kai, la'asar ya je ya ɗauko kwanuka. Ba zan ɓoye muku abin da ya jawo masa ba. Yara suka sa masa suna Mai Fanteka, manya suka karɓa. Abokan zamansa suka rage zuwa shago. Da liman ya yi tafiya a cikin watannin nan, babanku ya yi alwala ya shiga sahun gaba kamar kullum, sai aka tura wani. Ba wanda ya ce masa komai, ba a dai sake tura shi ba, har ya bar duniya. Ranar, da ya dawo daga masallaci bai ci abinci ba, na san abin ya taɓa shi har ƙashi. A lokacin ne aka fara zancen mallaka, don mutanenmu sun fi saurin yarda da asiri a kan su yarda namiji zai yi wa matarsa haka da hankalinsa. Inna ta daina yi mini magana, in na gaishe ta sai ta amsa wa bango. Ladi kaɗai ke ba shi dariya. Ta ce ya zo ta koya masa ɗauka a kafaɗa, ya ce ɗaukar matan Hausawa ma ta ishe shi surutu, kada ta ƙara masa da ta matan Gwari.

Sau ɗaya na yi yunƙurin karya doka. Na gaji da ganin ana nuna shi, na tashi da wuri na gama girki, na naɗa gammo, na kira maƙwabciya ta ɗora mini kafin ya shigo. Mun kama fantekar ke nan sai ga shi. Ya dubi matar, ta saki ta fice. Na hau shi da faɗa, na ce mutuncinsa ya zube a unguwa saboda ni, gara hannun ya mutu da wannan abin kunya, ni na gaji. Ya bari na gama tas.

"Asabe, masu dariyar nan, in hannunki ya mutu, waninsu zai zo ya ɗaura miki zane?"

Ya karɓi gammon daga kaina ya ɗora a nasa, lokacin ya riga ya iya naɗawa.

Daga ranar na kama jinya da gaske, don na ga abin da ake biya saboda ni. Ban sake fashin gashin ƙashi ba. Wata ma'aikaciya ce ke yi mini, 'yar gajeriya mai faɗa kamar ni, mun dace. Ta gasa mini wuya da kafaɗa, ta kwantar da ni ta rataya mini wani ɗan nauyi da aka auna yana buɗa ƙashin a hankali. Na ce mata ashe ku ma ja kuke yi. Ta ce ja da awo bayan an ga hoto daban, fizga da murɗiya daban. Ta raba ni da ƙuƙumi bayan 'yan makonni, ta ce in na daɗe a ciki wuyan zai yi lalaci. Ta koya mini motsa jiki: in ja haɓa baya kamar mai jin wari, in haɗe allunan kafaɗa in sake, in juya kai dama da hagu sannu sannu, safe da yamma. Kun sha yi mini dariya a kan wannan, har yau kuwa ban bari ba. Babanku ya bi gidan da ma'auninsa yana gyara mini duniya. Ya yi tebur mai tsayi daidai cibiyata don in yi feraye a tsaye ba sunkuyo, ya ɗaga murhu a kan bulo, ya yi mini kujera mai majingina, ya sa wa tsintsiya doguwar sanda. Matashina ya farke ya rage audugar da hannunsa. Salla ma a zaune na yi ta na wani lokaci, shi ya nuna mini a littafi cewa mai lalura yana da wannan sauƙin.

Masu cin abincina sun yi ƙorafin sakwara, wasu suka koma wajen mai shinkafa, wasu suka saba da fate da doya da wake. Wurin dai bai kuɓuce ba, muka raba inuwar ni da ita. Wajen ƙarshen damina, wata safiya ina feraye, wuƙa ta ɗan yanke ni a manuni, na ji zafi. Zafi! Na tsaya ina kallon jinin ina dariya kamar mahaukaciya. Inna na zaune a ƙofar ɗakinta tana kallona, ta kawar da kai. Amma da la'asar na tarar da ruwan zafi a roba da tawul a ƙofar ɗakina, kuma ba ni na dafa ba. Kullum haka, har ranar da ta ce in juyo ta gasa mini da kanta, tana yi tana mita wai ba na zama wuri ɗaya. Shirinmu ke nan, ba wanda ya ba wani haƙuri. Da ƙasa ta bushe babanku ya gama amalanken da tayoyin tsohon keke, mara nauyi, ina tura shi a tsaye ta kan titi ko da hanyar ta fi nisa. Ya ajiye fanteka, sunan dai bai ajiye shi ba.

Wuyana bai koma sabo ba, kada in yi muku ƙarya. In na yi sunkuyo da yawa ko na yi doguwar tafiya a mota sai ya tuna mini, kan babban yatsana kuma har yau akwai ɗan wurin da ba ya ji sosai. Amma hannun ya tsaya. Na gode wa Allah, na gode wa likitan nan da ban ma riƙe sunansa ba, da 'yar gajeriyar mai gashin ƙashi. Ladi kuwa, ku da kuke ganin ina aika wa jikokinta atamfa duk Kirsimeti kuna tambayar me muka haɗa, mintsini ɗaya muka haɗa. Allah ya saka mata.

Shekara goma sha wani abu bayan nan, kuna makarantu wasunku sun yi aure, babanku ya faɗi a shago. Hawan jini ne, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, harshe ya karye. Shekara ɗaya da wata bakwai ya yi a kwance. Kun zo, kun yi iya ƙoƙarinku, Allah ya yi muku albarka, amma kun tuna ba ya karɓar abinci a hannun kowa. Kunya yake ji a ga kunu na zubo masa ta gefen baki. In kun miƙa cokali sai ya kawar da kai ya nemi inda nake da ido. Ni nake ba shi, da dama, yadda Musulmi ke ci, cokali bai taɓa faɗuwa ba. Ni nake aske masa gemu da reza, ni nake yanke masa farce, ni nake yi masa alwala sau biyar, in ɗaura masa maɓallin riga don in baƙi sun zo su same shi tsaf. Kullum in na matse tsumma da hannun nan sai na tuna saura ja ɗaya ya rage a kan turmi.

Ranar da zai tafi da hantsi ne, ya sha koko cokali uku ya girgiza kai. Na goge masa baki, na riƙe hannunsa mai rai ina karanta masa kalmar shahada, leɓensa na bi. Ba kowa a ɗakin sai ni. Da numfashin ya tsaya na jira kaɗan ko zai dawo, bai dawo ba. Na sa babban yatsa da manuni na rufe masa ido, kuma na ji ɗumin fatarsa a cikinsu.